Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Shi Ma Sai An Auna Shi

Yadda milimita ɗaya ke raba mai gani garau da mai gani dishi-dishi bayan aikin yanar ido, daga Garo zuwa birnin Kano

A garuruwan da ke hanyar Kano zuwa Gwarzo, labarin aikin ido ba ya kwana. Da zarar an ji wata ƙungiya ko wani mai hali zai kawo likitoci a yi wankin ido kyauta, kafin azahar sanarwa ta zaga masallatai da majalisu, daga Garo zuwa Kabo, daga Gude zuwa Getso da Lakwaya. Tsofaffi maza da mata su fito, kowa da ɗan jagoransa, galibi jika ne da ya kamata a ce yana aji a wannan lokacin. A yi aiki, a rufe ido da bandeji, washegari a buɗe, a yi ta hamdala.

Bayan wata guda sai hira ta rabu biyu. Wani dattijo ya koma gona, yana hango mai tahowa tun daga bakin hanya ya kira sunansa. Maƙwabcinsa kuwa, wanda aka yi musu aiki rana ɗaya a hannun likita ɗaya, sai ya ce haske dai ya dawo, Alhamdu lillahi, amma har yanzu fuskokin mutane dishi-dishi yake ganinsu. Jama'a sukan yanke hukunci cewa idon wane ya karɓi aiki, na wane bai karɓa ba. Wani lokaci da gaskiyarsu, domin akan sami wata cutar ta laɓe a bayan yanar, kamar hawan jinin ido ko ɓarnar ciwon suga. Amma sau da yawa ido lafiyarsa ƙalau, hannun likita ma bai kuskure ba. Abin da ya faru shi ne lambar madubin da aka dasa masa ba tasa ba ce. Lambar nan kuwa ba a saninta sai an auna idon tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Abin da ake cirewa da abin da ake mayarwa

Sunan da muke kiran aikin da shi, wankin ido, yana sa mutane su zaci wata dauɗa ce ake gogewa. Ba haka abin yake ba. A cikin ƙwayar ido, bayan baƙin nan da muke gani, akwai wani ɗan madubi na halitta, garai-garai, wanda ke tattara haske ya aika shi bangon baya inda jijiyoyin gani suke shimfiɗe, wurin da likitoci ke kira ratina. Idan shekaru suka ja, ko ciwon suga ya daɗe, ko an taɓa bugewa a ido, ko an jima ana ɗiga wasu magunguna ba da umarnin likita ba, madubin nan sai ya fara dusashewa har ya koma fari. Wannan ita ce yana. Ba ta wankuwa, kuma babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Madubin ne ɗungurungum ake cirewa.

To amma madubin da aka cire yana da aikin da yake yi. Ƙarfin tattara haske ana auna shi da ma'aunin da ake kira diyofta: madubi mai diyofta 1 yana tattara haske a nisan mita ɗaya, mai diyofta 2 a rabin mita. Idon babban mutum gaba ɗaya yana da ƙarfin diyofta kusan 60. Kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi yana jikin koniya, wato tantanin nan mai sheƙi da ya lulluɓe gaban baƙin ido. Ragowar, wajen diyofta 20, na madubin ciki ne. Idan aka cire shi ba a mayar da komai ba, mutum zai ga haske da inuwar abubuwa, amma da ƙyar zai ƙirga yatsun da aka ɗaga masa daga 'yan taku kaɗan.

Shi ya sa a da, duk wanda aka yi wa aiki sai an ba shi tabarau mai kauri, mai diyofta 10 ko fiye. Waɗanda suka manyanta a Kano sun san irin tsofaffin nan da idanunsu ke fitowa ƙato-ƙato a bayan gilashi. Tabaran yana ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yana kuma lanƙwasa gefen abin da ake kallo. Ranar da ya karye ko ya ɓata, mai shi ya koma gidan jiya. Yanzu kuwa wani ɗan madubin roba ake sakawa a gurbin wanda aka cire, faɗinsa milimita 6 ne, da 'yan hannuwa biyu da ke riƙe shi. Ba ya ɓata, ba ya karyewa, ba a kuma cire shi da daddare. Wannan alherin nasa shi ne kuma haɗarinsa: tabarau idan bai yi ba a canza wani, amma madubin da aka dasa sai da wata tiyatar ake fitar da shi, kuma ba kasafai ake son yin hakan ba.

A ɗakin awo

Awon ba ya ɗaukar lokaci, kuma ba shi da zafi. Da farko za a zaunar da mutum gaban wata na'ura mai suna keratomita, ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan maɗori, goshinsa ya jingina. Na'urar tana haska zobe a kan koniya, ta duba yadda hoton zoben ya dawo, daga nan ta gane yadda koniyar ta lanƙwasa. A yawancin mutane lambar takan faɗa tsakanin diyofta 43 da 44. Akan auna ta fuska biyu, a tsaye da a kwance, domin koniyar wasu ta fi lanƙwasa ta ɓangare ɗaya.

Sai awo na biyu, wanda shi ne uban tafiyar: tsawon ƙwayar ido daga gaba zuwa baya. Ma'aikaci zai ɗiga maganin kashe zafi, ya ɗauko wani ɗan tsinke mai kama da alƙalami wanda waya ta haɗa da akwatin na'ura.

"Baba, buɗe idon sosai. Kalli 'yar wutar nan da ke gabanka kawai, kada ka bi hannuna."

"To, ɗana. Wutar ma ba na ganinta."

"Ba komai, Baba. Miƙo babban yatsanka nan, ka kalle shi da ɗaya idon."

Kan tsinken zai taɓa tsakiyar koniya a hankali. Yana aika wani sauti da kunne ba ya ji, irin na sikanin masu juna biyu, ya ratsa ido ya daki bangon baya ya dawo. Tunda an san sautin yana gudun kusan mita 1,550 a daƙiƙa ɗaya a cikin ido, na'urar tana mayar da lokacin tafiyarsa ya zama tsawo. A fuskar akwatin wasu tsinaye suke miƙewa a jere: na koniya, na gaban madubi, na bayansa, sai na ratina. Ƙwararren ma'aikaci tsinayen nan yake kallo kafin lamba. Idan na ƙarshen bai miƙe sak ba, ya san tsinken ya karkace, sai ya goge ya sake. Akan ɗauki awo kamar sau goma a fitar da matsakaici.

Daga waɗannan tsinaye ake samun awo na uku, wato zurfin ɗakin gaba, tazarar da ke tsakanin koniya da madubi, wadda takan kai milimita 3 ko kusa da haka. Ita ke taimakawa a yi hasashen inda madubin roba zai zauna bayan aiki, domin madubi ɗaya idan ya matso gaba ƙarfinsa ƙaruwa yake, idan ya ja baya ya ragu.

Matsakaicin tsawon idon babban mutum milimita 23.5 ne, kuma mafi yawan jama'a suna tsakanin 22 da 24.5. Tazarar kamar ba ta taka kara ta karya ba. Amma kuskuren milimita ɗaya tak a wannan awo yana jawo kuskuren diyofta 2.5 zuwa 3 a lambar madubi. Hannun ma'aikaci kaɗai yana iya jawo wani ɓangare na wannan: idan ya danna tsinken fiye da kima, koniya ta lotsa, ido ya fito gajere, lissafi ya ba da madubin da ya fi ƙarfin mai shi. Saboda haka wasu asibitoci suka fi son ɗora ɗan ƙoƙo mai ruwa a kan ido, tsinken ya tsaya cikin ruwan ba tare da ya taɓa koniya ba.

Lissafin da ke fitar da lamba

A shekarar 1980 wasu likitocin Amurka uku, Sanders da Retzlaff da Kraff, suka fitar da wani lissafi mai sauƙi da ake kira SRK. An daina dogaro da shi a yau domin yana kuskure a idanu masu tsawo sosai ko gajarta sosai, amma yana nuna yadda abin yake a fili. Kowane samfurin madubi yana zuwa da wata lamba ta kamfani a jikin kwalinsa, misali 118. Daga cikinta ake ɗebe tsawon ido sau 2.5, a kuma ɗebe lanƙwasar koniya sau 0.9. Abin da ya rage shi ne ƙarfin madubin da za a dasa.

Mu ƙaddara tsofaffi biyu ne a layi ɗaya. Ta farko idonta milimita 22, koniyarta diyofta 44. A ɗebe 55 da 39.6 daga 118, saura 23.4, wato madubi mai lamba 23.5 take buƙata. Na biyu idonsa milimita 25, koniyarsa 43. A ɗebe 62.5 da 38.7, saura 16.8, wato lamba 17. Idan ba a auna su ba aka ba kowannensu lamba 21, wadda ake ɗauka a matsayin ta kowa da kowa, tsohuwar ta sami madubin da ya gaza mata, ba za ta ga nesa tar ba, kusa kuma ya fi muni. Dattijon ya sami wanda ya zarce masa da diyofta 4, sai ganinsa mai kyau ya tsaya a tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Zai iya zura zare a allura, amma ba zai gane wanda ya yi masa sallama daga ƙofar zaure ba.

Duk wanda ya taɓa sayen hula ya san ba a cewa tunda yawancin kawuna lamba 22 ne, a ɗora wa kowa 22. Bambancin kawai, mai hula yana gwadawa a gaban mai sayarwa ya ce ta matse ko ta yi yawa. Mai madubin ido ba shi da wannan damar.

Ta ina idanu suka bambanta?

Bambancin farko na jinsi ne. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ta nuna cewa idon namiji, a matsakaici, ya fi na mace tsawo da kusan rabin milimita, koniyar mace kuma ta ɗan fi lanƙwasa. Sakamakon haka mata sukan buƙaci madubi mai ɗan ƙarin ƙarfi. Dogon mutum ma yakan zo da ido mai ɗan tsawo. Amma wannan magana ce ta jimla. A layin asibiti za a sami macen da idonta ya fi na maza goma tsawo.

Na biyu shekaru. Madubin halitta ba ya daina kauri har ƙarshen rayuwa, yana kauri ɗakin gaba yana ƙuntata. Lanƙwasar koniya ma takan juya da tsufa, ɓangaren kwance ya fi na tsaye lanƙwasa, abin da ke sa haruffa su riƙa yin inuwa ko da an dace da lambar madubi.

Na uku yanayin ganin mutum tun yana saurayi. Wanda tun ƙuruciya ba ya ganin allo sai ya matso, galibi idonsa dogo ne. Irin waɗannan sukan wuce milimita 26, wasu har 30, kuma madubin da zai yi musu yana iya zama lamba 10 ko 5 ko ma sifili. A ɗaya gefen akwai masu gajeren ido, ƙasa da milimita 22, waɗanda ke neman lamba 26 ko 30. A gabashin Asiya, inda rashin ganin nesa ya yi katutu tsakanin 'yan makaranta, dogayen idanu sun yawaita sosai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa matsakaicin da aka samu a Sin ko Ingila ba dole ne ya zama na manoman Kabo ba, kuma asibitin da ke son sanin lambobin da zai fi tanada sai ya duba rajistar marasa lafiyarsa.

Yara kuwa lissafinsu daban ne. Jariri yana zuwa duniya da ido mai tsawon kusan milimita 17, ya yi saurin girma a shekaru biyun farko, sannan ya ci gaba a hankali. Yaron da aka haifa da yana, ko wanda tsinke ko dutsen danƙo ya jawo masa ita, idan aka dasa masa madubin da ya dace da idonsa na yau, nan da 'yan shekaru zai yi masa ƙarfi. Don haka likita yakan rage lambar da gangan, tabarau ya cike giɓin har ido ya girma.

Akwai kuma abin da ƙasarmu take ƙarawa. Rana da ƙurar hunturu suna haddasa tsiron naman nan da ke tasowa daga farin ido ya hau kan koniya. Yana jan ta ya baje ta, keratomita ta ba da lambar da ba ta gaskiya ba. Hakiya, ko tabon da amosanin ido ko ƙyanda ko karan dawa ya bari, ita ma tana hana zoben haske fitowa sosai. A irin wannan hali akan auna ɗaya idon a yi aro, domin idanun mutum ɗaya sukan yi kusa da juna. Ƙa'idar da ake koya wa ma'aikata ita ce, idan tsawon idanun biyu ya bambanta da fiye da milimita 0.3, a sake awo kafin a yarda.

Kuskuren da aka fara da shi

Neman maganin yana tsohon abu ne. Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ammar bin Ali al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar, ya bayyana yadda yake zuƙe yana mai taushi da allura mai rami. Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya kuwa ita ce a soka tsinke a ture madubin ya faɗa cikin ido, wadda masu aikin ido na gargajiya suke yi a ƙauyukanmu har zuwa wannan zamani. A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara cire madubin gaba ɗaya.

Dasa madubin roba ya faro ne daga Harold Ridley, likitan Ingila wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda ya yi nazarin makantar da ƙudan rafi ke jawowa. Ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba. Ranar 29 ga Nuwamba 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya yi aikin da ake ƙirgawa a matsayin na farko. Tiyata ta yi kyau, amma lamba ta kuskure ƙwarai. An kwaikwayi siffar madubin halitta, alhali roba ta fi shi karya haske, sai matar da aka yi wa aikin ta tashi ba ta ganin nesa sam sai da tabarau mai kauri.

Tun daga nan ake ta gyaran lissafi. Svyatoslav Fyodorov na Rasha ya fitar da nasa a 1967. Bayan SRK aka sami Holladay a 1988, SRK/T a 1990, Hoffer Q a 1993 wanda ya yi suna wajen gajerun idanu, sannan Haigis da Barrett waɗanda ke amfani da ƙarin awo. A 1999 kamfanin Zeiss na Jamus ya fito da IOLMaster, na'urar da ke auna tsawon ido da haske ba tare da taɓa shi ba, kuma ta fi ta sauti daidaito nesa ba kusa ba.

Abin da ya kawo madubin roba ƙauye shi ne faɗuwar farashinsa. A 1992 asibitin Aravind da ke Madurai a Indiya ya buɗe masana'antar Aurolab, a 1994 kuma gidauniyar Fred Hollows ta buɗe nata a Asmara da Katmandu. Madubin da a da sai mai kuɗi ya koma na daloli kaɗan. Madubi ya yi araha ya bazu, amma na'urar awo da mai iya sarrafa ta ba su bazu da wannan saurin ba.

Inda muke a Najeriya

Babban binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum 13,599 'yan shekara 40 zuwa sama. Ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin, kuma yana ce ta jawo kashi 43 na wannan makanta. Arewa maso Yamma, inda Kano take, ita ta fi kowace shiyya yawan makafi a ƙidaya.

Binciken ya kuma duba idanun da aka riga aka taɓa saboda yana. Fiye da huɗu cikin goma aikin gargajiya aka yi musu, kuma fiye da kashi 70 na waɗannan suna cikin makanta a ranar da aka duba su. Waɗanda aka yi wa tiyata a asibiti sun fi su sosai, amma su ma ƙasa da ɗaya cikin uku ne ke gani da kyau. Da aka gwada musu tabaran da ya dace, adadin ya haura rabi. Ma'ana, idanu masu yawa lafiyarsu ƙalau, lamba ce kawai ta hana su gani. Alƙaluman sun kwana biyu, kuma da yawan waɗancan ayyuka an yi su ne kafin madubin roba ya wadata, amma darasin yana nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sa mizani: cikin idanu 100 da aka yi wa aiki, aƙalla 80 su ga 6/18 ko fiye, waɗanda suka kasa ganin 6/60 kuma kada su wuce 5. Ma'anar 6/18 ita ce mutum ya gane daga mita 6 abin da lafiyayyen ido ke ganewa daga mita 18, a allon nan mai alama mai yatsu uku da ake ce wa mutum ya nuna inda suka fuskanta. A 2021 babban taron hukumar ya amince da sabon buri zuwa 2030, inda abin ƙirgawa ya zama waɗanda aka yi wa aiki kuma suka sami gani mai kyau, aka kuma ɗaga mizanin zuwa 6/12.

Kano ba baƙuwar aikin ido ba ce. Asibitin ido na ECWA, wanda 'yan mishan na SIM suka kafa a 1943, ya daɗe yana karɓar mutane har daga Nijar. Ga asibitin Makka na gidauniyar Al-Basar, ga sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Amma duk waɗannan a birni suke. Mutumin Garo sai ya biya mota na mutum biyu, shi da ɗan rakiya, su bi ta Rimin Gado da Janguza su shiga ta Kabuga, kuma zuwa ɗaya ba ya isa: ranar gani, ranar aiki, ranakun komawa. Da damina ma ba a maganar barin gona.

Wanda ya makara, wace na'ura ce tasa?

Wannan nisa, da tsohuwar maganar nan cewa sai yana ta nuna ake cire ta, su suke sa mutanen karkara zuwa asibiti da yana fara fat. Maganar nunar ta samo asali ne daga zamanin tsohuwar tiyata. Yanzu da zarar yana ta fara hana mutum sana'arsa ko karatunsa, lokaci ya yi.

Jinkirin yana shafar awo kai tsaye. Na'urar haske, duk da tsadarta da daidaitonta, sai haskenta ya ratsa madubi ya isa ratina. Yana mai kauri takan tare shi, ko da yake sababbin samfura sun fi na da iya ratsawa. Mai farar yana kuma ba ya ganin ɗigon da ake cewa ya kalla, idonsa sai ya yi ta yawo. A nan tsohuwar na'urar sauti ce ke fitar da kitse daga wuta, domin sauti bai damu da farin yana ba. Tana da arha idan aka kwatanta, akwai mai aiki da batir, kuma tana shiga jaka. Abin da take buƙata shi ne hannun da aka horar, da mai haƙurin sake awo idan tsinaye ba su miƙe ba. Wannan aiki ne da ma'aikacin jinyar ido ko mai gwajin tabarau zai iya ƙwarewa a kai. Da za a sami irin wannan hannu da keratomita da na'urar sauti a babban asibitin Gwarzo, ko a riƙa zagayawa da su Kabo da Garo kafin ranar aiki, da mutum zai isa gaban likita da lambarsa a rubuce.

Aikin kyauta da kwalin madubi

Babu mai musun alherin aikin ido kyauta. Dubban mutane da ba za su taɓa iya biyan kuɗin tiyata ba ta nan suka rabu da sanda. Akwai kuma tawagogin da ke zuwa da na'urorinsu su auna kowa. Matsalar tana tasowa ne inda aka sa yawa a gaba: ɗaruruwan mutane cikin kwana biyu ko uku, wuta tana ɗaukewa, ma'aikata kaɗan. Abu na farko da ake tsallakewa a irin wannan matsi shi ne awo, domin tsallake shi ba ya nunawa a ranar. Wanda ya shekara uku a duhu, ko wace lamba aka sa masa zai yi murna da safen da aka buɗe bandeji. Da babu gara ba daɗi, gaskiya ne, kuma lamba 21 za ta yi kusa da buƙatar mutane da yawa. Waɗanda ke gefe biyu na layin su ne ke biyan kuɗin wannan saurin, har ƙarshen rayuwarsu.

Awo kaɗai ma bai wadatar ba. Idan an auna an sami 17 amma kwalin da aka zo da shi daga 20 zuwa 22 ne kawai, an yi aikin banza. Dole mai sayen kaya ya tanadi lambobi masu faɗi, da yawa a tsakiya, kaɗan-kaɗan a gefe. Dole a duba lambar kamfani ta samfurin da ke hannu, domin madubi mai lamba 21 na wannan samfuri ba lallai ya yi daidai da 21 na wancan ba. Dole kuma a tabbatar takardar awo ta bi mai ita, da idon da aka auna, dama ko hagu, musamman a layin da za a iya samun masu suna ɗaya su biyar.

Akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa kowane mara lafiya kafin a zaɓi lamba: me ka fi son gani? Madubin roba na yau da kullum nisa ɗaya yake gani tar, ba ya sauyawa kamar na saurayi. Direba da makiyayi nesa suke so, su sa tabarau idan za su duba waya. Malamin da ke wuni a kan Alƙur'ani, da mai ɗinkin hula, da tsohuwar da ke tsince tsakuwa a shinkafa, wataƙila su fi son a ɗan karkata lambar zuwa kusa. Likitoci da yawa da ke aiki a karkara sukan karkata ta kaɗan da gangan, domin wanda aka bari da ɗan rashin ganin nesa yana da tazarar da yake gani tar ba tabarau, wanda madubinsa ya gaza kuwa ba shi da ko ɗaya. Wannan zaɓi ba ya yiwuwa ga idon da ba a auna ba.

Ga iyalan da za su kai tsohonsu, a birni ne ko a filin aikin kyauta, tambayoyi uku sun isa, kuma babu rashin ladabi a cikinsu: an auna idon? Wace lamba aka samu, kuma akwai ta? Yaushe za mu dawo gwajin tabarau? Gwajin nan akan yi shi bayan kamar mako shida, lokacin da ido ya natsu, kuma shi ke share ɗan kuskuren da ya rage. Wanda ganinsa bai yi tar ba bayan aiki kada ya zauna gida yana cewa ido bai karɓa ba. Sau da yawa tabarau mai sauƙin kuɗi ne maganinsa.

Ga masu ɗaukar nauyi kuwa, 'yan siyasa ne ko attajirai ko ƙungiyoyin ci gaban gari, kuɗin na'urar awo da alawus ɗin mai sarrafa ta ƙaramin abu ne a cikin kasafin aikin da ake yi wa ɗaruruwan mutane. Su sa shi cikin sharaɗi tun ranar da ake ƙulla magana da likitoci, tare da ranar dawowa duba waɗanda aka yi wa aiki. Sannan idan za a karanta rahoto a gaban hakimi da jama'a, bayan an faɗi yawan idanun da aka yi wa aiki, a faɗi nawa ne aka auna, nawa ne kuma suka karanta allo daga mita 6 bayan mako shida.